Yadda ake gyara ƙasa domin dankalin turawa a fadamun Maradi

Sanyin Maradi ba ya daɗewa. Yakan leƙo cikin Nuwamba, ya kankama a Disamba da Janairu, lokacin da dare kan sauka ƙasa da digiri 15, kafin Fabrairu ya fita kuma ka ji rana ta fara cizo. Dankalin turawa kuwa ɗan sanyi ne, asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ya fito. Ya fi zuba ƴaƴa idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20, idan kuma ta doshi 30 sai ya tsaya, ya yi ta ganye a sama, ƙasa babu komai. Daga shuka zuwa haƙa yana cin kwana 90 zuwa 120, gwargwadon iri.

To, a yi lissafi. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba zai haƙa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, dankalinsa ya sha sanyin gaba ɗaya. Wanda ya ja ƙafa har Janairu zai haɗa amfaninsa da zafin ƙarshen Maris da Afrilu, lokacin da rana kan kai digiri 40. Saboda haka gyaran ƙasa aikin ƙarshen Satumba ne da Oktoba, daidai lokacin da hannu yake cike da girbin gero, roron wake da cirar gujiya. Nan ne da yawa suke makara. Sai an gama kai damma rumbu a tuna da garka, a kafce ta cikin gaggawa, a watsa ɗanyen taki, a binne iri mai tsada. Abin yana ba ni takaici duk shekara, domin kuɗin irin nan ba ƙarami ba ne, kuma abin da ya ɓaci a ƙarƙashin ƙasa ba ya gyaruwa da ban ruwa ko feshi daga baya.

Zaɓen wuri

Manomin Maradi ya san ƙasarsa da sunanta: jigawa, geza, fadama. Jigawa rairayi ce, tana da sauƙin haƙa, dankali yana fita a cikinta da santsin jiki, amma ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Geza tana da tauri, idan ta bushe kwasa sai ta yi ta tsalle a kanta. Cikin fadama kuma akwai laka mai danƙo wadda take darewa idan ta bushe, dankali ba ya samun wurin buɗa jiki a cikinta, yakan fito a karkace, idan ruwa ya kwanta kuma ya ruɓe. Wurin da ake nema shi ne tsakani: gefen fadama, inda rairayi ya gauraya da turɓayar da ruwa ya kawo. Irin wannan ƙasa tana nan a kwarin Gulbin Maradi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji kafin ya sake komawa Najeriya. Duk shekarar da gulbi ya yi ambaliya yana barin sabuwar ƙasa a bakinsa, kuma wannan ce dukiyar masu garake.

Amma gulbin da yake bayarwa yana kuma kwantar da ruwa. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon garin Maradi daga cikin kwari aka hau tudu, don haka ba sabon abu ba ne. Kafin ka yanke shawara a kan wuri, haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye da yamma, ka dawo da safe. Idan ka tarar da ruwa ya taru a ciki, wurin bai tsotse ba tukuna, ka jira ko ka matsa sama. Ka duba fuskar ƙasar kuma. Inda ka ga fari-fari ya fito a kanta bayan ta bushe, akwai kanwa ko gishiri, kuma dankali ba ya jure su sosai. Bar wurin ga wani abu.

Sai tambaya mafi nauyi: me aka noma a wurin bara da bara waccan? Tumatir, tattasai, barkono, yalo, gauta da taba duk dangin dankalin turawa ne, cutarsu ɗaya. Akwai ciwon da yake sa tsiro ya yi yaushi yana kore shar, da rana ya langaɓe, da safe ya ɗan farfaɗo, bayan kwana kaɗan ya mutu. Ƙwayar wannan ciwo tana zama cikin ƙasa shekaru, tana bin ruwan ban ruwa daga fangali zuwa fangali. Idan ka taɓa ganinsa a tumatirinka, kada ka kai dankali wurin. Ƙa'idar da malaman gona suke bayarwa ita ce a bar shekara 3 zuwa 4 kafin dankali ko danginsa su koma wuri ɗaya. Wurin da aka cire gero, dawa, masara ko albasa ya fi aminci.

Akwai kuma tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani amma aikinta a bayyane yake. Tuge tsohon gindin kuɓewa ko na tumatir daga wurin, ka kakkaɓe ƙasar, ka duba saiwar. Idan ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu a cikin jikinta, tsutsar tana nan, kuma za ta yi wa dankalinka ƙuraje ya rasa mai saye. Kada a rikita wannan da ƴan ƙwayoyin da ake gani a saiwar wake da gujiya. Waɗancan a gefe suke manne, da ka murza su da yatsa sai su faɗi, kuma alheri ne, su ne suke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Batun inuwa gajere ne amma ana mantawa da shi. Gawo abokin manomin gero ne domin yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana. Da rani kuwa, daidai lokacin dankali, shi ne yake cika da ganye. Ƙasar gindinsa tana da kyau, amma dankali yana son rana tun safe har yamma, don haka a ja fangali nesa da inuwarsa.

Shara da shinge

Shara ba ta da wuyar bayani. A sassabe ciyawa, a tuge kututturan gero da dawa, a tsince duwatsu da leda. Abin da zan ja hankali a kai biyu ne.

Na farko, wuta. Mun gaji al'adar tara kara da ciyawa a cinna musu wuta, kuma gaskiya ce toka tana da amfani. Sai dai karan da ka ƙone shi ne shingenka, shi ne abincin dabbarka, shi ne kuma takinka na baɗi. Abin da ya cancanci wuta shi ne ragowar tumatir, tattasai da duk tsiron da ya mutu da ciwo. Waɗannan a kwashe su waje da garka a ƙone, kada su shiga ramin taki. Shi kuma busasshen kara kada a binne shi cikin fangali da sunan taki. Ba zai ruɓe cikin wata uku ba, gara kawai zai kira, ita kuma idan ta gama da kara dankali za ta koma wa. Ƴan tohon kalgo da sabara da suke gefen garka a gyara su a bar su, yadda sassaben zamani ya koyar, wanda daga nan yankin Maradi ya bazu tun shekarun 1980. Suna tare iska.

Na biyu, jiji da kiri-kiri. Waɗannan ciyayi ba a kashe su da sara. Jiji yana da ƴan ƙwayoyi a ƙasa, kiri-kiri kuma kowane guntun jijiyarsa sabon tsiro ne. Sai an haƙo su an tsince da hannu, a baza a rana su bushe. Aikin yana cin rai, amma wanda bai yi shi yanzu ba zai yi shi nan gaba a tsakanin saiwar dankali, inda kowace sara take iya yanke ɗa.

Shinge kuma a yi shi kafin iri ya shiga ƙasa. Bayan kaka ana sakin gonaki, dabbobin gari da na makiyaya su bazu, kuma kore ɗaya da za su gani a fili shi ne garkarka. Darnin karan dawa da ƙaya a gindinsa ya isa. A ƙara masa kauri da tsawo ta gabas da arewa, domin ta nan iskar hunturu take bugowa, tana busar da kunya tana karya ƙananan rassa.

Taki, inda aka fi yin kuskure

Dankali mai ci ne, kuma saiwarsa ba ta nisa, yawancinta tana cikin kamu ɗaya na sama. Abincinsa dole ya kasance kusa, kuma ya kasance ya nuna. Ɗanyen kashin shanu ko na awaki da aka kwaso daga turke jiya yana da illa huɗu: yana zafi ya ƙone tsiro, yana ɗauke da irin ciyawa, yana jawo gara da gwazarma, kuma yana sa fatar dankali ta yi kirci. Mai saye a kasuwa da ido yake fara ciniki, dankali mai kirci kuwa ko cikinsa lafiya lau ne sai an karya masa kuɗi.

Hanyar iyayenmu ta kai taki tana da hikima. Tun da rani ake jigilar shi da jaki ko amalanke, a zuba tsibi-tsibi, rana da ruwan damina su dafa shi. Wasu kuma sukan yi yarjejeniya da Fulani su kwana da shanu a gona bayan girbi, a ba su hatsi. Wannan yana gina ƙasa sosai, amma ga mai dankali amfaninsa na shekara mai zuwa ne. Wurin da shanu suka kwana a watan nan ba a shuka dankali a cikinsa a watan nan.

Wanda yake son taki mai kyau a Oktoba, a Yuli ko Agusta zai haƙa raminsa. Rami mai zurfin kamu biyu a inuwa ya isa. A shimfiɗa yankakken kara ko ciyawa, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ya cika, a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana kaɗan idan ka zaro sandar ka ji ta da zafi, aiki yana tafiya. Idan ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da wari tana naso, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshiyar ciyawa. Ana juya shi duk bayan mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Alamar nunarsa: ya yi baƙi, ya huce, ba ka iya bambanta kashi da kara, kuma warin turke ya tafi.

Takin juji na cikin gari yana da ƙarfi, amma na yanzu ba irin na da ba ne. Cike yake da leda, fasassun kwalabe da matattun batura. A tankaɗe shi ko a tsince shi da kyau kafin ya shiga garka. Kashin kaji kuma ya fi na shanu zafi nesa ba kusa ba, don haka kaɗan ake sa shi, kuma shi ma sai ya nuna.

Nawa za a zuba? Abin da aka saba bayarwa shi ne tan 20 zuwa 30 a hekta ɗaya, wato kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai ci kilo 200 zuwa 300. A jigawa a kama na sama, a ƙasar bakin gulbi mai ƙarfi na ƙasa ya wadatar. Idan takin bai kai ba, kada a baza shi ko'ina ya zama ba a ga komai ba. Gara a zuba shi cikin layin da za a shuka, a cakuɗa da ƙasa.

Toka tana ba dankali sinadarin da yake sa ƴaƴa su yi nauyi, amma idan ta yi yawa tana ƙara kircin nan da na ambata. Barbaɗawa ake yi, ba zubawa ba. Mai halin sayen takin zamani 15-15-15 yana iya ƙarawa lokacin shuka, a gefe, kada ya taɓa irin. Adadinsa a tambayi malamin gona na yanki ko ma'aikatan cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna, domin ya danganta da ƙasar. Abin da na tabbata shi ne takin zamani ba ya maye gurbin na gargajiya a rairayi. Ruwan ban ruwa yana wanke shi ya wuce saiwa idan babu ruɓaɓɓen taki da zai riƙe shi.

Kaftu

Wannan shi ne zuciyar aikin. Hauyar tsaye da muke noman gero da ita fatar ƙasa kawai take yankewa, ba ta da aiki a nan. Dankali yana son ƙasa ta saki har zurfin santimita 25 zuwa 30, wato ɗani ɗaya da rabi. Kwasa mai nauyi ko galma ce take kaiwa nan.

Ba a kaftun busasshiyar ƙasa, ba a kuma yin na jiƙaƙƙiya. Idan damshin damina ya tafi, a ba wurin ruwa sosai, a bar shi kwana biyu ko uku. Na ga yadda wani dattijo a wata garka ta wajen Tibiri yake gwada wannan. Jikansa ya riga ya ɗaga kwasa, sai ya ce masa ya dakata. Ya tona da hannu har wuyan hannunsa ya shige, ya damƙo ƙasa ya matse, ya buɗe tafinsa. Ta dunƙule, sawun yatsunsa a jiki, tana ƙyalli.

Yaron ya ce, “Baba, ai ta yi laushi, yanzu za ta fi daɗin sara.”

Ya ce, “Daɗin sara gare ka, ɗana. In ka juya ta haka, gobe rana ta buge ta, sai ka nemo taɓarya. Bar ta sai jibi.”

Ranar da suka dawo ya sake damƙa. Ta dunƙule, ya taɓa ta da babban yatsa, ta warwatse kamar dambu. Sannan ya ce bismilla.

Ana fara kaftu daga gefe ɗaya ana ja da baya, don kada a tattake inda aka gama. Kowace sara a juya ƙasar, a buge hoge da bayan kwasa tun yana da damshi, a tsince jijiyar ciyawa. Mai garmar shanu ya sani cewa sau da yawa ba ta wuce santimita 15, kuma idan shekara da shekaru ana bi a zurfi ɗaya, ƙasan wurin yakan daskare ya hana saiwa da ruwa wucewa. A bi sau biyu, na biyun a gicciye, sannan a sa kwasa a zurfafa layukan da za a shuka. Idan filin yana da girma, wannan aiki ne na gayya. Matasa goma da safiya ɗaya sun fi mutum ɗaya da mako guda, kuma ƙasar za ta samu gyara a damshi iri ɗaya.

Bayan kaftun farko a bar ƙasar a buɗe mako ɗaya zuwa biyu. Ranar Oktoba tana da zafi, tana kashe ƙwari da ƙwansu, tsuntsaye da kaji kuma suna tsince tsutsar da ta fito. Daga nan a baza taki, a yi kaftu na biyu marar zurfi don ya gauraya, a bi da manjagara.

Ga wata dabara da take rage wahalar noma nan gaba. Bayan an daidaita ƙasa a yayyafa mata ruwa kamar an yi shuka, a jira mako guda. Irin ciyawar da yake sama duk zai tsiro. A bi shi da hauya sama-sama a kashe, ba tare da an juyo ƙasar ciki ba. Dankalinka zai fito a fili mai tsabta, ya riga ciyawa girma.

Daidaita wuri da hanyar ruwa

Ido yana ruɗi, ruwa ne yake nuna gaskiyar fili. Kafin a ja layi, a saki ruwa a babbar hanya a tsaya a kalla. Inda ya taru a cike, inda ya ƙi hawa a rage. A manyan filayen da aka tsara irin na Jiratawa, wanda aka gina a farkon shekarun 1980, an riga an fitar da hanyoyin ruwa, aikin manomi shi ne ya yashe su ya daidaita nasa fangali. Mai garkar kansa kuwa, ko da rijiya da guga yake aiki ko da inji, shi zai fitar da babbar hanya ta bi ta wurin da ya fi tudu, ƙanana su rabu daga gare ta. Layi kada ya wuce mita 5 zuwa 10. A rairayi dogon layi yana shanye ruwa tun a farkonsa, na ƙarshe ya kwana da ƙishi. Inda wuri yake da gangare, layi ya gicciye gangaren, kada ya bi shi.

Kunya ko kwari?

A nan manoma sukan yi gardama, kuma kowa yana da gaskiyarsa, domin ƙasarsu ba ɗaya ba ce.

A ƙasa mai nauyi, wadda take riƙe ruwa, ana tada kunya tun kafin shuka, tsayinta kamar ɗani ɗaya ko fiye kaɗan, a shuka a kafaɗarta, ruwa ya bi kwari ya jiƙa ta daga gefe. Ruwan kada ya haura rabin kunya. Ta haka iri ba ya zama cikin caɓi.

A rairayi kuwa, doguwar kunya tun ranar farko ɓarna ce. Iskar hunturu tana busar da ita kafin azahar, irin yana zaune a busasshiyar ƙasa mai zafi. Abin da ya fi shi ne a ja ƙaramin kwari, a zuba taki a cakuɗa, a jera iri a rufe, wurin ya kusa zama a shimfiɗe. Kunyar za ta zo daga baya, lokacin da ake turo ƙasa gindin tsiro. Ni ga yawancin garaken da suke gefen jigawa wannan nake ba da shawara.

Ko wacce aka bi, tazara ɗaya ce: santimita 60 zuwa 75 tsakanin layi da layi, wato kamu ɗaya da rabi, da santimita 25 zuwa 30 tsakanin gindi da gindi. A yanke sanda biyu a kan wannan awo, a ja igiya, kada a dogara da taku. Na san zuciya tana raya wa mutum ya matse layuka don ya samu gindi da yawa. Amma ƙasar da take tsakanin layuka ita ce za a ɗebo a rufe gindi da ita sau biyu, na farko idan tsiro ya kai kamar ɗani ɗaya, na biyu bayan mako biyu ko uku. Wanda ya matse layi ba shi da inda zai ɗebo ta sai ya yanke saiwa. Kuma dankalin da bai samu rufi ba yana leƙowa waje, rana ta mayar da shi kore. Koren dankali yana da ɗaci da guba, ba a ci, ba a sayarwa. Ta tsagar ƙasa kuma malam-buɗe-littafin dankali yake shiga ya yi ƙwai, tsutsarsa ta huda ƴaƴan.

Da wannan awo, filin nan mai mita 10 da mita 10 zai ɗauki layi 14, kowanne da gindi 33, jimla gindi 460 da ƴan kai. Idan irin mai girman ƙwan kaza ne, kilo 25 zai rufe shi. Ka yi wannan lissafi kafin ka je sayen iri, ka gyara ƙasa daidai abin da ruwanka da aljihunka za su iya ɗauka.

Iri yana shiri, ƙasa tana shiri

Ba a gama gyaran ƙasa sannan a fara tunanin iri, tare suke tafiya. Dankalin da aka haƙa kwanan nan barci yake yi, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin idonsa ya buɗe. Idan ka binne shi haka zai zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa har ya ruɓe. Mako biyu ko uku kafin ranar shuka a baza iri a ɗaki mai iska ko ƙarƙashin rumfa, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukansa, kada a ɗora wani kan wani. Tsiron da ake so gajere ne mai kauri, santimita 1 zuwa 2, mai launin kore ko shuɗi-shuɗi. Dogon farin tsiro na cikin duhu yana karyewa da an taɓa shi.

Araha ba ta ado a wajen iri. Dankalin ci na kasuwa ba ka san gonar da ya fito ba, kuma ciwon yaushin nan a cikin iri yake tafiya daga gari zuwa gari. Ka gama wahalar zaɓen wuri mai tsabta, kada ka kawo masa cuta da hannunka. Yankin Agadas da Bonkuku sun yi suna da dankali a Nijar, kuma manoman da suka ɗauki abin da gaske a can suna neman tantancen iri ne ta hanyar ƙungiyoyinsu. Mu ma haɗa kuɗi a saya tare ya fi kowa ya je shi kaɗai.

Ƙaramin iri a shuka shi ɗungum. Babba ana iya raba shi, kowane yanki da ido biyu aƙalla, a yanka ta tsawo. A riƙa tsoma wuƙa cikin ruwan jabel, wato bilic na wanki, tsakanin dankali da dankali, a shanya yankakken a inuwa kwana biyu ko uku har fuskar ta bushe ta yi fata. Wasu suna shafa toka a wurin yankan. Duk wanda aka yanka aka ga zobe mai launin ƙasa-ƙasa a cikinsa, ko yana fitar da farin ruwa, a jefa shi wuta. Idan kuma ƙasa ba ta huce ba tukuna, kamar a farkon Nuwamba, yankakken iri ya fi saurin ruɓewa, gara a nemi ƙanana.

Kalma kaɗan ga mai dankalin Hausa

Sunan ne ya haɗa su, amma ba dangi ba ne. Dankalin Hausa, wanda wasu suke kira kudaku, yana son zafi, ana dasa yaɗonsa ne, guntu mai tsawon ɗani ɗaya da rabi, a binne fiye da rabinsa. Shi kunya mai tsayi ko tsibi yake so tun farko, kuma yana yi a wuraren da ruwa ya janye ya bar damshi. Taki mai yawa yana sa shi ya yi ta yaɗo ba ƴaƴa. Kaftu mai zurfi da tsince ciyawa duk ɗaya ne, haka ma rufe tsagar ƙasa, domin ta nan ƙwaron da yake sa shi ɗaci yake shiga.

Ranar shuka

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar a ba filin ruwa, yadda iri zai sauka a damshi, ba a caɓi ba. A yi shukar da yamma ko da sassafe, kada a ajiye iri a rana yana jiran a gama jan layi. A ɗauko shi a faranti ko kwando marar zurfi don kada tsiron ya karye. Zurfin rami santimita 5 zuwa 10: a laka a tsaya sama, a rairayi a ƙara zurfi. Tsiro ya kalli sama, yankakken gefe ya kalli ƙasa. A rufe da hannu ko da gefen kwasa, kada a taka da ƙafa yadda ake yi wa gero.

Wanda yake da ciyawa busasshiya marar iri, ya shimfiɗa ta sama-sama a kan layi, tana rage zafin rana kuma tana tsare damshi, amma ya riƙa ɗagawa yana duba gara. Daga nan har tsiro ya fito, wanda yakan ɗauki kwana 10 zuwa 20, ruwa kaɗan-kaɗan ake bayarwa, domin irin bai yi saiwar da zai sha ba, kuma yawan ruwa a wannan lokaci shi ne yake ruɓar da shi. A riƙa tona gefen layi da yatsa: idan akwai sanyi a zurfin da irin yake, a ƙyale shi sai gobe. Inda aka ga giɓi bayan sauran sun fito, a tona a duba. Idan irin ya ruɓe, a kwashe shi da ƙasar da take kewaye da shi a fitar waje da garka, sannan a maye gurbin da wanda aka ajiye a rumfa domin haka, kafin na kusa da shi su yi girman da za su rufe shi da inuwa.